Baƙin Ƙeyar Marini

To, tunda ka dage cewa baƙin nan na ƙeyarka hannu aka sa maka, gyara zama in ba ka misalin wani marini, ko ka gane kanka a ciki.

Mutumin nan shekara talatin yana tsoma hannu a rijiyar baba. Ya yi ƙiba, tumbi ya sha gabansa, da ƙyar yake sunkuyawa ya matse zane. Da matarsa ta ce masa ƙeyarsa ta yi baƙi, dariya ya yi, wai ina aka taɓa ganin marini fes? Ya sa soso da sabulun salo, ya koma dutsen goge kaushi, ya dirje har fata ta yi jini. Ina! Shuni kwana kaɗan yake yi ya saki jiki, wannan kuwa sai ƙara kauri yake, ga laushi kamar karan-miski, ya kuma ɓulla a hammata inda ruwan baba bai taɓa kaiwa ba. Maƙwabcin rijiyarsa, wanda suke cin tuwon dawa a kwano ɗaya kullum da azahar, ya leƙa wuyan ya ce, "Wannan ba rini ba ne. Haka na yayana ya fara, daga baya aka ce suga ne. Ka je asibiti a auna jininka." Kai, ɗan Adam! Maimakon godiya sai gogan naka ya shiga saƙe-saƙe. Yaya aka yi ya san cutar tun kafin likita? Me ya sa yake so in bar rijiyata, in ba don masu kawo mini rini su koma wurinsa ba? Daga ranar ya janye hannunsa daga kwanon. Ko ruwan randar marina ya daina sha, kada a barbaɗa masa wani abu. Sai lemon kwalba, don shi a rufe yake zuwa, kuma da hannunsa zai buɗe. Kwalba huɗu, biyar a wuni, da burodi a leda. Wai shi mai wayo! Bai tsaya nan ba, ya kai ƙara wurin sarkin marina cewa sammu ake yi masa, aka yi ta tsegumi, har bawan Allahn nan ya kasa haɗa ido da mutane, ya tattara kayansa ya bar garin.

Wanda ake zargi ya tafi, baƙi yana nan daram. Ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, ga wata 'yar ƙaya da ya taka ta zama gyambo, wata uku ya ƙi warkewa. Sai ɗaukarsa aka yi zuwa asibiti. Likita ta duba ƙafar, ta ɗaga wuyan rigarsa, ta tambaye shi tun yaushe ƙeyar take haka. Ya ce shekara biyu. Ta bayyana masa cewa jikinsa ne ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini, insulin ɗin kuma ya taru ya yi yawa har ya sa fata ta yi kauri ta yi duhu. Gargaɗi ne jikin yake yi. Da ya zo tun lokacin, rage ƙiba, tafiyar ƙafa, barin zaƙi, da ƙwayar magani in ta kama, da sun wadatar, da ƙeyar ma ta washe a hankali. Yanzu suga ya riga ya zauna, kuma yatsu biyu sai an cire. Wallahi ƙaton mutumin nan kuka ya yi a gaban matarsa, yana cewa da hannunsa ya buɗe kowace kwalba.

Don haka gobe, kafin ka karya kumallo, ka je a auna ka, ka ƙyale bayin Allah su sarara. Irin wannan ne Hausawa suke cewa an bar jaki ana dukan taiki.