Bakin Aro

Tahir ya sauko daga bensikin, babur ɗin haya, da ƙafar dama, kamar yadda malamai suka koyar, ƙafar kuwa ta zarce cikin kwatar unguwar New Bell har idon sawu. Haka ya shiga shagon ɗinkin Lauratu ɗauke da saƙon da ya fi taɓon nauyi: yayansa Idirisu, wanda ya riƙe shi tun yana maraya, yana son aurenta tunda ta fita takaba.

Ya isar da saƙon yana kallon keken ɗinki. Har gidan Yaya na unguwar Makepe sai da ya ambata.

Sai wayarsa ta ɗauki ƙara. Tsohuwar waƙar faifan babansa ce, wani yaron Bature mai jita yana kukan son 'yar ajinsu. Ya laluba aljihu uku kafin ya kashe ta.

Lauratu ta tsayar da keken.

"Har yanzu ita ce?"

"Wayar ce ta zo da ita," in ji shi.

"Kaset ɗin da ka ba ni muna makarantar lise ma haka ya zo da ita?"

Ya dubi ƙofa, ruwa ya tsuge, ba hanyar fita. In ya buɗe baki ya ci amanar Yaya, in ya yi shiru ya zama ƙanin mijinta.

"Me zan ce masa, Lauratu?"

Ta gatsa zare da haƙori.

"Da ƙuruciya Bature ya yi maka magana, yau kai kake yi wa Yaya. Ka koma ka ɗauko bakinka, sannan in amsa."