Saura Mutum Ɗaya

"Saura mutum ɗaya tak!" na faɗa ina buga tebur.

Ni ne mai lissafi a asibitinmu da ke gindin dutsen Mulanje. A watan Janairu na yi hasashen za a samu mutum 412 da ƙanjamau a yankinmu bana. Ga shi ƙarshen Disamba an samu 411. Shekara tara ina hasashe, ban taɓa zuwa kusa haka ba.

Nas Nambewe ta ture kwanonta na tuwon nsima. "Kai Dalitso, murna kake yi mutane sun kamu?"

"Haba Yaya, ilimina nake yi wa murna."

"To mai ilimi, kai da kake tura kowa gwaji, yaushe rabonka da shi?"

Na yi dariya, na miƙa mata yatsa ta ɗibi jinin gwaji don dai ta yi shiru.

Bayan minti ashirin ta rufe ƙofa, ta zauna kusa da ni, ta riƙe hannuna.

"Akwai magani, ƙanena, za ka rayu. Gobe ka zo da matarka."

A rayuwata, ranar ce hasashena ya fara cika cif.