Fatalwar da Ta Ƙi Farin Fenti

Ka ce abokan aikinka sun taso ka a gaba sai ka canza abin da idonka ya tabbatar maka, har ka fara tunanin ka bi su a zauna lafiya. To gyara zama, ƙanena, ka ji abin da ya faru da wani mai gyaran agogo.

A wani gari akwai wasu magidanta, da gemunsu da 'ya'yansu, da suka ɗauki wani wasa suka ɗora wa ransu. Yaƙi ake yi a kan faffaɗan teburi da 'yan sojojin roba, kowanne bai wuce babban yatsa ba. A jefa ƙwayar lido, a auna tazara da tef ɗin tela, a tura runduna gaba. Sojojin da launin toka ake sayo su, don haka kowa shi zai zauna da siririn burushi ya shafa wa nasa fenti. Teburin na wani kafinta ne, shi ya ƙera abinsa, a zaurensa yake, saboda haka in ya yi magana ta zauna. Mai gyaran agogo ya shiga cikinsu ne bayan rasuwar yayansa, kuma duk mako a bakin teburin nan kaɗai ake ganin haƙoransa. Da ya tashi zaɓen runduna sai ya ɗauki ta fatalwa, masu yagaggen likkafani da lauje a hannu. Ya fara shafa musu fari kamar yadda kowa yake yi. Daga nan ya dama ja da ruwan ƙasa, ya tsinka shi kamar koko, ya bar shi ya gangara ya kwanta duk inda likkafanin ya ninke. Wajen ƙafafu ya yi duhu sosai, yana hawa yana dusashewa, sai a kafaɗa ake hango ɗan sauran fari. Bai ɓoye dalilinsa ba. Shi ya shiga kabari ya karɓi yayansa, ya ga yadda jar ƙasa ta kama farin yadin tun kafin a jera itace, kuma tun ranar in ya tuna likkafani da wannan launin yake ganinsa.

Ranar da ya jera su a teburi zauren ya kece da dariya. Wani ya ce ai leburorin gini ne suka taso daga kwaɓa. Kafinta kuwa ya haɗe rai. Ya ce fatalwa fara ce fat, haka kakarsa ta faɗa masa, haka kuma aka zana a jikin kwalin da suka zo a ciki. Ko dai a mayar da su fari, ko kada su ƙara hawa teburinsa. Abokai suka ja mai agogo gefe suna lallashi, wai aikin yini ɗaya ne, me zai sa ya rasa majalisa a kan fenti. Ya dube su ya ce, "Ba zan yi wa mamaci ƙarya don in samu wurin zama ba." Ya tsince fatalwowinsa ɗaya bayan ɗaya, ya nannaɗe su a tsumma, ya fice.

Kada ka ɗauka abin bai yi masa ciwo ba. Ranar wasa na zagayowa zai buɗe shago ya zauna da agogon da babu abin da ya same shi, yana kwancewa yana ɗaurawa. Dariyar da ya fara samu ta koma inda ta fito. Matarsa ta ce taurin kai ne, 'yan'uwa suka ce girman kai. Ni kam ina bayansa. A kira shi da duk sunan da aka ga dama, mutumin da ya san abu da hannunsa ba ya goge shi don an yi masa ihu.

Ana nan damina ta yi nisa, aka tafka ruwan da ya rushe katangar maƙabarta, kaburburan gefe suka rufta. Aka yi shela a masallaci, maza suka fito aikin gayya da shebur da kwanon sarki. Kafinta ya zo da itace. Shi mutum ne da in an kai gawa can baya yake tsayawa cikin masu addu'a, amma wannan karon itacen a hannunsa yake, dole shi ya sauka ramin. Yana durƙusawa ya ga gefen likkafani a cikin laka, ja ya rine shi ya kwanta a kowane ninki. Ya daɗe yana kallo kafin ya jera itacen yana salati. Wanda yake miƙo masa ƙasa daga sama mai gyaran agogo ne.

Kafin ranar wasa ta zagayo sai ga kafinta a ƙofar shago. Bai ba da haƙuri ba, ka san halin mutanenmu, sai ya yi ta kame-kame kafin ya ce wurinsa na nan ba wanda ya zauna. Mai agogo ko ɗago kai bai yi ba, ya ce in zai dawo da shi da rundunarsa ne, kuma yadda suke. Kafinta ya sunkuyar da kai ya ce yadda suke.

Don haka ka koma wurin aikinka ka tsaya a kan ƙafafunka. Masu surutun nan ji suka yi, kai kuwa ka gani, kuma in ranarsu ta zo su da kansu za su tako ƙofarka. Hausawa ba su faɗa a banza ba: gani ya kori ji.