Ranar da Hadari Ya Yaudari Malamin Tsirrai

Tun da ka ce an tura ka aiki garin da ba ka taɓa takawa ba, Ɗanlami, zauna in ba ka misali kafin ka ɗaure kaya.

An yi wani malamin jami'a mai binciken tsirrai, ɗan manomi gaba da baya. Mahaifinsa irin mutanen nan ne da in suka dubi gabas da hantsi suka ce a kwashe shanya, to mai hankali sai ya kwashe. Ɗan ya gaji wannan ido, kuma yana ji da shi fiye da takardun digirinsa. Shekara tara yana neman a tafi da shi can ƙarshen duniya ta kudu, inda ƙasa duk ƙanƙara ce, rana kuma takan yi watanni ba ta faɗi ba. Akwai wata gansakuka a duwatsun wurin da takan bushe ƙayau kamar matacciya, da ta ji danshi sai ta farfaɗo. Sirrinta yake so ya gano, ko geron mutanensu zai amfana. A shekara ta tara aka ba shi kujera ɗaya a jirgin sama, ta wannan shekarar kawai.

Ya yi tafiyar kwana uku ya isa wani gari a bakin teku, inda jirgin ke tashi ya tsallaka. Ƙa'idar wurin ita ce kullum da safe kowa ya sa kayan sanyinsa, riga kan riga, da takalmi mai nauyin turmi, a auna shi da jakarsa, ya zauna jira. Ranar farko suka zauna har azahar, sai wata ma'aikaciya ta fito ta rubuta a allo cewa an ɗaga tafiya, yanayi ba kyau. Malam ya leƙa taga. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu. Ya fita waje ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya shaƙi iska. To wane yanayi? Washegari haka, rana ta uku ma haka. Abin ya ɗaure masa kai. Ya ce ko mai ne babu, ko matuƙin ne ba shi da lafiya ake ɓoyewa, ko kuwa irin ta tashar motarmu ce, inda ɗan kamasho zai rantse maka saura mutum ɗaya har rana ta faɗi. Abin da ya fi ruɗa shi, abokan tafiyarsa ko a jikinsu. Su karanta allo, su gyaɗa kai, su koma shan shayi. Sau biyu ya buɗe baki zai tambaya, sai ya tuna shi farfesa ne, kuma ɗan mai duban gabas. Ya za a yi ya tambayi ma'aikaciyar nan, yarinya sa'ar 'yarsa, abin da ake nufi da yanayi? Ya haɗiye maganarsa. Nan ne fa nake jin haushinsa, don tambayar ba ta fi numfashi ɗaya ba.

Kwana goma sha ɗaya ana haka, kowace rana tana cinye kwanakin aikinsa. Har yajin da matarsa ta daka masa don ya kai shi wata biyu ya kusa ƙarewa, saboda abincin garin lami ne, shi kuwa damuwa ta sa yana barbaɗawa ba lissafi. Rana ta goma sha biyu ya farka ya ga hadari baƙi ƙirin, ruwa na zuba. Wallahi har daɗi ya ji, don yau dai allo da sama za su faɗi magana ɗaya. Ya ce a ransa, yau kam ko makaho ya san ba tafiya. Ya bar kayan sanyi a kan gado, ya bar waya tana caji, ya hau motar haya zuwa wata kasuwa a ƙarshen gari neman barkono.

Bayan la'asar ya dawo ya tarar da masauki shiru, ɗakuna a buɗe, jakunkuna babu. Tsohuwa mai masaukin ta tare shi a bakin ƙofa ta ce, “Bawan Allah, ina ka shiga? An neme ka har an gaji. Sun tashi tun hantsi.”

Ya ce, “A cikin wannan ruwan?”

Ta ce, “Wannan ai bai isa ya hana jirgi tashi ba. Saman da suke dubawa na can ne, inda za su sauka. Kwana goma sha ɗaya iska na tayar da ƙanƙara a can, yau da asuba ta kwanta.”

Ya tsaya riƙe da ƙullin barkono, rigarsa na ɗiga, ya ɗaga kai ya sake duban hadarin nan, kamar shi ne zai ba shi haƙuri. Jirgin da ya biyo baya na ɗauko mutane ne, ba na kai su ba. Haka ya koma gida da takalmin da bai taɓa taka ƙanƙara ba.

To, Ɗanlami, idon mutumin nan lafiyarsa lau, bai taɓa yi masa ƙarya a gonar ubansa ba. In ka isa, ka ajiye girma ka tambayi mutanen garin wane sama suke dubawa. Shi dai ya yi shekara tara yana shirin zuwa ƙasar da dare ba ya yi, ya ɓata da rana tsaka a bakin ƙofarta. Gaskiyar Hausawa da suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.