Ƙurar da Ta Biyo Auta Gida

Mai masana'antar batir ne ya kashe jikan Inna, kuma ko a gaban alƙali haka za ta faɗa.

Ɗanta Auta shi ke fasa tsofaffin batiran mota a wurin, yana kwashe garin dalmar da ke ciki a kai a narkar. Ba safar hannu, ba abin rufe hanci, ba wurin wanka. Da kayan aikin yake komawa gida, furu-furu kamar wanda ya yi birgima a toka. Ɗansa da bai daɗe da fara tafiya ba shi ke tarar sa a ƙofa, ya ɗafe masa wuya yana tsotsar kwalar riga. Inna kuma a tsakar gida take kakkaɓe rigar, nan inda yaron ke wasa.

"Matsa can, angona," take cewa. "Miji ba cefane sai son jiki."

Da Auta ya yi kukan ciwon ciki, shugaban aiki ya miƙa masa gwangwanin madara. "Shanye, tana wanke guba."

Sai yaron ya daina cin abinci, ya daina kiran Inna. Ranar da ya fara jijjiga suka ruga asibiti. Likita ya ce dalma ce ta cika masa jini har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Gawarsa suka dawo da ita.

Inna ta je ta tsaya a ƙofar masana'anta. Mai wurin bai fito ba, sai ya turo manaja, hancinsa a rufe ruf.

"Iya, sai haƙuri. Kwana ne ya ƙare."

"To kai me ya sa ka rufe hanci? Naka kwanan ba a hannun Allah yake ba?"

Inna ta ci gaba.

"Ban yi boko ba, amma ni ba sakarya ba ce. Kun san abin nan yana kisa, kuka bar ni ina kakkaɓe shi a kan jikana da hannuna."

Jama'a, ƙurar dalma guba ce, kuma madara ba ta wanke ta. Kayan aiki a bar su a wurin aiki, a yi wanka kafin a taɓa yaro. Wanda ya san haɗarin ya ɓoye wa ma'aikata, alhakin yana wuyansa.

Inna tana nan a bakin ƙofar, ba inda za ta. Dole ne mai masana'anta ya fito da kansa ya amsa laifinsa.