Motar da Ba Ta Son Asabar

Asabar ta shida ke nan a jere da motar Sabitu ta mutu a hanyar Aflao. Ta yi tari sau biyu, ta girgiza, ta tsaya cik a ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Hajiya Barakatu, babbar 'yar kasuwar atamfa da yake kai wa kan iyaka kowane mako, ta leƙo ta taga.

"Sabitu, mota ka saya ko tsohuwar jaka? Saura sau ɗaya. In ta sake yi mini haka, maƙwabcinka Musbahu zan kira."

Sabitu ya tuɓe riga ya fara turi.

A farkon 1956 ya bar aikin akawu a tashar jirgin ruwa ya sayi motar, 'yar ƙarama mai launin toka, sabuwa daga Faransa. Ranar da ya shigo da ita Zongo har ladan ya fito kallo. Mahaifiyarsa, Inna Kulsum, ta zagaya ta sau biyu da carbi a hannu, ta tsaya tana duban yadda yake ɗura mata fetur da mazurari. Ta ce ashe ita ma baiwar Allah tana jin ƙishirwa. Sannan ta ce idanun mutane sun yi yawa a kanta.

Daga Litinin zuwa Alhamis motar ba ta da laifi. Tana zuwa Aneho ta dawo, tana ratsa rairayin bakin teku da mutum biyar a ciki. Ran Juma'a ba ya aiki. Yakan wanke ta da hantsi, ya bar ta a tsakar gida, ya taka zuwa masallaci, ba kowa a gidan sai Inna. Asabar kuwa, ranar da ta fi kowace muhimmanci, sai ta kwanta.

Fo Komla, makaniken unguwar Hanukofe, ya kwance kabureta ya tsiyaye abin da ke ciki a kofin gilashi. Fetur ya taso sama, wani ruwa mai duhu-duhu ya kwanta a ƙasa.

"Ruwa ne kuma, maigida. Mai sayar maka da fetur ɓarawo ne."

Sabitu ya sauya mai fetur. Ya koma tace shi da tsohuwar hular gashi kafin ya zuba. Da Fo Komla ya ce watakila raɓar teku ce, ya sayo tamfol ya riƙa lulluɓe ta. Ya rubuta wa kamfanin da ya sayar masa wasiƙa mai shafi uku da Faransanci. Suka amsa da layi biyu cewa motocinsu ɗari suna yawo a Togo, ba wanda ya taɓa kawo irin wannan kuka.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne gaskiya suka faɗa. Musbahu, maƙwabcinsa, yana da irinta sak, jirgi ɗaya ya sauke su, kuma ko atishawa ba ta taɓa yi ba. Da yamma a ƙofar masallaci Musbahu kan dafa kafaɗarsa ya ce, "Yaya mai jiki? Ko a kawo mata kunu?" Jama'a su yi dariya, Sabitu ya yi yaƙe.

Duk da bokonsa, sai da ya fara tunanin ko akwai sa hannu. Wata rana yana cin tuwo ya faɗa wa Inna haka. Ta ajiye mafici ta ce ita tun farko ta sani, kuma ba a zaune take ba. Washegari ya hango ta ta nufi zauren Malam Abdulwahidu, mai rubuta wa mutanen unguwa ayoyin tsari a allo ya wanke musu su sha. Tausayinta ya kama shi. Tsohuwa da ciwon gwiwa tana wahala saboda shi.

Asabar ta bakwai motar ko ƙofar gida ba ta bari ba. Ya murɗa, ya tura, ya roƙe ta, ya zage ta. Ƙarfe takwas motar Musbahu ta wuce ta gabansa, Hajiya Barakatu a kujerar baya tana kallon wani gefen.

A makon ya sayar da ita. Ba wanda ya taya sai ƙanen Musbahu, Salahu, shi ma a wulaƙance. Sabitu ya koma tashar jirgin ruwa ya roƙi tsohon teburinsa, aka ba shi wani ƙarami kusa da ƙofa.

Wata guda ya wuce, sannan biyu. Motar tana hannun Salahu tana zuwa Aflao kowace Asabar, har tudun Kpalime ta hau ta sauko, ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. In Sabitu ya ji ƙarar injinta a lungu, sai ya shige ɗaki.

Wata Juma'a yana shirin masallaci Inna ta kira shi. Da yake ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

"Kai, zo nan. Abin nan yana damuna."

Ta jawo wata kwalba daga ƙarƙashin gado, cike da ruwa mai duhu-duhu, ta goge ta da bakin zane ta miƙa masa.

"Kai wa Salahu wannan rubutun. Ka ce ya riƙa ba ta ta bakin nan da take shan mai, duk Juma'a kwalba guda, yadda na saba ba ta. Wata biyu ke nan baiwar Allah tana yawo ba tsari."