Maƙabartar da Ba Ta Cikin Taswira

Kun ji lokacin da aka kafa dokar, kuka kawar da kai: duk abin da ba ya cikin taswira, ba za a kare shi daga teku ba.

Barira ɗaliba ce a kwalejin safiyo da kula da ruwa. Aka tura ta ta auna Zangon Gaɓa, unguwarsu, kafin a ja ganuwar tare ruwa. A taswirar kwaleji, inda aka binne mahaifiyarta "fili" aka rubuta. Mutanenmu ba sa sa suna a kabari, na'urar da ke kallo daga sama kuwa siminti kawai take ganewa.

Ta sami Baba Ɗanlami mai haƙar kabari.

"Baba, doka na son kowane kabari da sunan mai shi. In babu, wajen ganuwa za a bar su."

"'Yar boko, duk da madubin awonki mai ƙafa uku, ni za ki tambaya?"

Suka shiga maƙabartar, ruwan gishiri iya idon sawu. Yana nunawa da sanda, tana kafa turke. Kabari arba'in da ɗaya ya tuna cikin ɗari shida. A gindin wata kwakwa ya tsaya, ya daɗe.

"Innarki tana nan, ko can. Yafe mini, 'yata, na tsufa."

Ita ma ba ta sani ba, don mata ba sa raka gawa. Ta tsaya riƙe da turken.

Ku maza da kuka ɗauki makara a Zangon, jibi za a ja ganuwar. Ku tashi ku je ku nuna wa Barira wurin.